Galan Ɗin da Na Hana a Yar

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya ga abin da na yi amma bai kore ni ba.

Fasto ya ce in rubuta shaidata a karanta a taron zumunta. Na ce masa ni a aji huɗu na tsaya. Ya ce ai aji huɗun ne ya jawo maganar, sai in rubuta da shi. To, ga shi. Ni ne Bawa, mijin Talatu mai ƙuli-ƙuli, kuma na kusa kashe sunan matar nan a garinmu.

Cutata ba giya ba ce, ba caca ba. Ba na iya yar da abu. Tsohuwar taya, murfin kwano, takalmi ƙafa ɗaya, duk ina da su.

Bara da damina na sayi maganin feshin wake a wani farin galan mai jan murfi. Da magani ya ƙare na wanke shi da toka da ruwan zafi har sau uku, na kai wa Talatu kamar wanda ya dawo da tsaraba.

Ta ce, "Maigida, wannan ba na maganin ƙwari ba ne?"

Na ce, "Da ne. Yanzu ya tuba."

"To wannan hoton ƙoƙon kan mutum fa?"

Sai na ɗaga galan, na matse ido, ina motsa baki kamar babban malami. 'Yan'uwa, ban gane komai ba sai lambobi. Amma na ce, "An rubuta in an wanke, ba komai." Ƙarya na yi mata, da Turancin da ba ni da shi!

Lokacin cirar gyaɗa na kira gayya, mutum shida suka zo taya ni. Talatu ta dama kunun tsamiya za ta zuba a bokiti, na ce a'a, a galan za a zuba, ba ya zuba a kan babur. Na kai musu da zafinsa, na koma gida ɗauko tuwo. Ni ko kurɓa ban yi ba.

Kafin la'asar mutane sun baje a kan kunyoyin gona, ga amai, ga gumi. Biyar suka warware. Amma Malam Habu, maƙwabcina da muka yi kiwon awaki tare tun muna yara, shi ya fi sha. Aka ɗora shi a mota sai asibitin cikin gari, ba ya gane kowa.

Me na yi? Na ɗauke galan na cusa shi ƙarƙashin rumbu.

Washegari magana ta tashi a bakin rijiya: wai Talatu ta sa wani abu a kunu, shi ya sa mijinta bai sha ba. Matar da shekara arba'in ake kira ta yi girkin suna da na biki! Ranar ba wanda ya zo sayen ƙuli-ƙuli. Ta san galan ne. Ba ta faɗa wa kowa ba, ni ma ba ta ce mini uffan ba. Ta kawo mini tuwo, na ci. Kwana biyu ina ci. Kaicona!

A rana ta uku da hantsi na zagaya bayan ɗaki, na tarar da ita a durƙushe. Na ji tana cewa, "Ya Uba, ka tashi Malam Habu. Ka rufa wa maigidana asiri."

Ni take roƙa wa rufin asiri, ita da ake zagi!

Na durƙusa kusa da ita na ce, "Ubangiji Yesu, ni maƙaryaci ne kuma matsoraci. Ka ba ni baki."

Ya ba ni. Na zaro galan na bi ta bakin rijiya da shi a hannu, na ce, "Mata, ga mai laifi, ga ubangidansa. Talatu ta hana, ni na ƙi ji." Daga nan sai asibiti. Ma'aikaciyar lafiya ta karanta jikin galan ɗin, karatu na gaskiya, ta ce, "Baba, me ya hana ka kawo tun shekaranjiya? Irin wannan ko an wanke ba ya fita daga roba."

Bayan kwana huɗu Malam Habu ya tashi zaune. Na roƙe shi gafara. Ya dube ni ya ce, "Bawa, na yafe. Amma baɗi in ka kira gayya, da gorata zan zo."

Yanzu duk galan ɗin magani in ya ƙare ina huda shi da wuƙa in binne can nesa da rijiya. Wanda bai ƙare ba yana cikin akwati da kwaɗo, nesa da abinci da hannun jikoki. Tayoyin kuwa, ku ci gaba da yi mini addu'a.

Na gode wa Allah da ya tashi Habu, ya wanke matata. Ku tsofaffi 'yan'uwana, yau ku duba madafar gidajenku. In kuma akwai wanda yake shan zagi saboda shirunku, ku dogara ga Yesu ku je ku yi magana. Kunyar tana da zafi, amma ga ni, ban mutu ba. Amin.