Taron Tsaye a Injin Shinkafa

A tashar Talata Mafara motar Gusau na jiran cikon mutum uku. Malam Arzika, shugaban ma'aikata a wani injin casar shinkafa a Bakura, ya gaisa da wata mai kwandon tumatir da ke kusa da shi, har hira ta kai ga abin da ya fito da shi.

"Wajen mai injin za ni, Hajiya. Ya zaɓa, ko ni ko baƙon da ya kawo muna."

"Sabon manaja ne?"

"Ina fa! Wai koci, mai horar da ma'aikata. Ba ya ba da umarni, ba ya ɗaukar buhu, sai tambaya. Kullum da safe mu kewaye a tsaye minti goma sha biyar, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da ya tsare shi. Ranar farko gaisuwa ta cinye lokacin."

"Har kai a tsaye, da furfurarka?"

"Har ni. Masu ɗinkin buhu ma sai su riga ni magana."

"Subhanallahi! Aiki ya lalace ke nan."

Malam Arzika ya sosa ƙeya. "A'a, shinkafar mutane ba ta kwana yanzu. Da can ko bel ɗin inji ba a canzawa sai an jira ni."

"To ƙarar me za ka kai, Malam?"

"Ita nake ta nema tun daga Bakura."

"Yau da ka taho, wa ka bar wa injin?"



"Ban bar wa kowa ba, Hajiya. Ina hawa babur na ji injin ya tashi."