Fitilar Gida

A ɗakin jiran likitan ido, rediyo na ta zuba labarai. Wata tsohuwa ta dubi dattijon da ke gefenta.

"Tashar nan ta canza, malam. Yanzu sai labarai da muhawara. Da kuwa akwai filin gaisuwa. Marigayi maigidana yakan aika, sai in ji an ce a gaida fitilar gida."

"Ni ne nake karantawa a lokacin, Hajiya. Amma kowace mace haka nake ce mata. Mazan suna kawai suke aikowa."

Ta lumshe ido tana murmushi.

"Ai na sani. Shi bai iya irin wannan maganar ba. Amma duk sanda aka zo wurin, sai ya miƙa hannu ya ƙara murya."