Kwana Tara Kafin a Cire Akwatin Bayani

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugabar wannan taro, ranki ya daɗe. Mai girma Babban Manaja, wanda yau ya baro ofishinsa mai sanyi ya zo ya zauna da mu a ƙarƙashin fankar da ke juyawa in ta ga dama. Shugabannin sassa, injiniyoyinmu masu hular kwano, ma'aikatan ɗakin sa ido na safe da na yamma, direbobi, masu gadi, masu shara, da ku da kuka shigo saboda kun ji an ce akwai lemo a ƙarshe. Ina gaishe ku baki ɗaya, gaisuwar girma da ta zumunci.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugabanni da suka ba ni minti goma sha biyar, alhali biyar na roƙa, kuma za su yi da-na-sani. Ina godiya gare ku da kuka ajiye wayoyinku, ko da a cinya ne.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce shugabar sashen kwamfuta, wadda kuke tunawa da ita ranar da firinta ta ƙi aiki, kuke mantawa da ita ranar da ta yi. Abin da ya kawo ni gabanku shi ne manhajar rajista. Kowane inji a wannan matatar ruwa, kowace ƙofa, kowace kwamfuta, tana faɗin abin da ta yi da lokacin da ta yi shi, ita kuma manhajar tana rubutawa tana adanawa. Ita ce babbar magulmaciyar gidan nan. In inji ya yi zafi ta sani, in wani ya shiga ɗakin sinadarai ta sani, in wani ya ce ya zo aiki ƙarfe bakwai alhali tara ya zo, wannan ma ta sani, sai dai tana da kawaici.

To, kamfanin da ya ƙera ta ya fito da sabuwa, kuma nan da kwana tara zai daina kula da tsohuwar. Ba gyara, ba kariya. Manhajar da aka daina kula da ita kuwa kamar gida ne da aka cire wa ƙyaure. Don haka sabuntawa dole ce, kuma ina da magana uku a kanta.

Ta farko, abin da za mu samu. Binciken da kuke dannawa ku tafi ku sha shayi ku dawo ku tarar yana ta juyi, yanzu kafin ku ɗaga kofi ya gama. In matsin ruwa ya sauka, saƙo zai shigo wayar injiniyan da ke bakin aiki kai tsaye, ba sai an aiki direba ya zagaya neman sa a bayan tanki ba. Wannan alheri ne, ba sai na tsawaita ba.

Ta biyu, abin da za mu rasa kuma ba za mu yi kuka ba. Kalmar sirrin nan guda ɗaya da dukanmu muke shiga da ita, wadda aka rubuta a bayan kalandar ɗakin sa ido, wadda har mai kawo mana burodi ya haddace, ta tafi. Kowa zai sami tasa. Maɓallin nan da ke buga rajistar yini gaba ɗaya a takarda, shafi ɗari biyu, wanda shugaban ma'aji ke cewa shi ne ya cinye masa rabin sito, shi ma ya tafi. Na ga shugaban ma'aji yana murmushi, kuma yau ne na fara ganin haƙoransa.

Ta uku ita ce ta sa na roƙi a tara ku, kuma a nan zan rage wasa kaɗan.

A gefen allon tsohuwar manhaja akwai wani ɗan akwati da aka rubuta wa "bayani". Masu ƙera ta sun sa shi ne don a rubuta kalma biyu ko uku. Mu kuwa, da yake Allah ya hore mana baki, muka mayar da shi littafi. Wanda ya fara wannan ɗabi'a yana zaune can a layi na uku yana sunkuyar da kai: Kawu na ɗakin injuna. Shekara goma sha uku, duk ƙarshen aikinsa sai ya zauna, da yatsa ɗaya, ya rubuta wa wanda zai karɓe shi abin da kunnensa ya ji da abin da tafin hannunsa ya taɓa. Sauran suka gani suka ɗauka. Yau a cikin akwatin nan akwai rubutu dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu, kuma fiye da rabi na Kawu ne.

Sabuwar manhaja ba ta da wannan akwati. An cire shi.

Kada wani ya ce kamfanin ya yi mana ba-zata. Wata goma sha takwas suna gargaɗi. Sun sa sanarwa mai ruwan ɗorawa a saman allo, tana cewa wannan akwati zai daina aiki, ku kwashe kayanku. Me muka yi? Ni, shugabar sashe guda, kullum da safe sai in danna ɗan gicciyen da ke gefenta in rufe, kamar mai korar ƙuda, ban taɓa karanta ta har ƙarshe ba. A ɗakin sa ido kuwa, inda babban allo yake a bango kuma ba a iya rufe ta, sai wani mai hikima ya hau kujera ya manna mata salatif baƙi, daga wannan gefe zuwa wancan.

Na tambayi shugaban ɗakin, na ce, "Malam, wa ya yi wannan aiki?"

Ya ce, "Hajiya, wallahi tana ɗauke mana ido ne. Mutum na duba matsin ruwa, ita kuma tana ta walƙiya kamar motar asibiti."

Na ce, "To kun karanta abin da take cewa?"

Ya ce, "Ai mun ɗauka talla ce."

Baba mai shara kuma ya shaida mini cewa duk sanda salatif ɗin ya fara ɓanɓarewa, shi yake sa sabo, don ya zaci doka ce daga sama. Jama'a, a wata goma sha takwas, sabuntawa ɗaya tak muka yi a kan lokaci a gidan nan, ita ce ta salatif.

Ku yi dariyarku, ni ma na yi. Amma ranar da na gwada sabuwar manhaja a kwamfutar gwaji, na buɗe na ga gefen allo fayau, babu akwati babu rubutu, dariya ta ƙare. Na yi maza na kwafe rubutun duka na adana, don haka ba za su ɓace ba. Matsalar tana wani wuri. Sabuwar manhaja tana da wurin ajiye bayani mai kyau, amma sai ka gaya mata lambar injin da kake magana a kansa. Mu kuwa a gidan nan wa ke kiran inji da lamba? Muna da Dattijo, muna da Mai Tari, muna da Sarkin Ƙorafi. Mafi muni, muna da Ango. Duk injin da aka kawo sabo, shi ne Ango, har sai an kawo wani. A shekara goma sha uku, injuna biyar sun yi angwanci a gidan nan.

To ga rubutu yana cewa, "Kada a buɗe wa Ango bawul gaba ɗaya da farko, a ba shi rabi, a jira minti uku." Wane Angon? In muka liƙa wannan shawara a jikin injin da ba nasa ba, wata rana injiniya zai bi ta da zuciya ɗaya, ya ƙona inji, unguwanni su wayi gari babu ruwa. A tsohon allo, rubutun yana zaune kusa da alƙaluman wannan mintin, mai ido zai iya ganewa. Bayan kwana tara wannan zaman kusa ya ƙare. Mutum ɗaya ne kuma yake riƙe da tarihin angwayen nan duka biyar a kansa, shi ne Kawu, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Na je na same shi a ɗakin injuna, da rana tsaka, yana goge hannu da tsumma. Na yi masa bayani ina ta kame-kame. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "'Yata, in gogewa za a yi, a goge, zamani ne. Amma ki bar ni in karanta su sau ɗaya kafin nan. Ban taɓa komawa na duba ba."

Kunya ta kama ni, domin akwai abin da Kawu bai sani ba, kuma yau zan faɗa a gaban kowa. Shekara biyu da suka wuce na rubuta wa Babban Manaja takarda, na kira rubutun nan tarkace masu cika rumbun kwamfuta, na ba da shawara a share. Yallaɓai bai sa hannu ba. Ko hangen nesa ne, ko takardar ce ta ɓace a kan teburinsa, ban sani ba, kuma ba zan tambaya ba.

Kwana huɗu ke nan ni da Kawu muna zama da safe. Ni ina karantawa, shi yana lumshe ido yana cewa, "Wannan Ango na uku ne, shekarar da aka canza masa bel. Wannan na biyar ne." Bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, na gwada shi da alƙaluma. Amma a kwana huɗu, dubu ɗaya da ɗari biyu muka gama. Ku yi lissafi da kanku, ba za mu kai ba.

Saboda haka roƙo na zo yi. Ina roƙon duk wanda ya taɓa rubutu a akwatin nan ya zo ya ɗauki nasa, domin kowa ya san Angon zamaninsa. Ina roƙon shugabannin sassa su sakar mini mutanensu awa biyu kullum. Ina roƙon masu saurin bugu su zauna kusa da masu dogon tunani, wannan ya faɗa, wancan ya shigar. Na shirya kwamfuta takwas a ɗakin horo, kuma wanda ya kakare ya ɗaga hannu, Kawu zai zagayo. Ni kuma na ɗauki alkawari a gabanku, ba zan danna maɓallin sabuntawa ba sai a awar ƙarshe ta ranar ƙarshe.

A cikin abin da muka karanta jiya, akwai wani rubutu da Kawu ya yi shekara shida da suka wuce, ranar da zai tafi asibiti a yi masa aikin ido. Na roƙe shi izinin karanta muku, ya ce in yi yadda na ga dama. Ga abin da ya rubuta: "Ban san ko zan dawo da gani ba. Wanda zai riƙe injunan nan, kada ya tsorata. Duk abin da na sani na zuba shi a nan, ban ɓoye komai ba."

Na tambaye shi wace lamba zan sa wa wannan. Ya ce, "Wannan ba na inji ba ne, 'yata. Bar shi kawai."

Ban bar shi ba, Kawu. Na sa shi a jikin kowane inji da ke gidan nan, duka tara. Kuma takardar can da na rubuta, ina neman gafararka a kanta, a gaban waɗanda suka ji laifina.

Allah ya ba mu ikon kammala wannan aiki a cikin kwanakin da suka rage. Allah ya kiyaye injunanmu da hannayen da ke kula da su, ya sa ruwa kada ya yanke wa gidan kowa ta dalilin sakacinmu. Allah ya ba Kawu hutu mai albarka da lafiya mai ɗorewa, ya yi wa iyalinsa albarka. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya kuma dawo mini da ku gobe ƙarfe tara a ɗakin horo.

Na gode, Allah ya saka da alheri.