Wandon Manaja

A tashar jirgin ƙasa ta Kano, wani akawu yana ta kai-komo gaban wani dattijo mai kwandon goro.

"Malam, zauna mana! Kana sa ni jiri."

"Ina zama, Baba? Kamfani ya cilla ni Nguru saboda wasa."

"Wane irin wasa?"

"Bara an tura ni kwas Ingila. Suna da wani akwati, talbijin, kana ganin mutane a ciki suna wasan ban dariya. Wani ya fito a manaja, yana cika yana batsewa, sai wandonsa ya zame. Manajanmu yana can hutu, a gidansa ma na gani. Har hawaye ya yi don dariya."

"To?"

"Da aka yi bikin ma'aikata a Sabon Gari, sai na kwaikwayi wasan. Ban ƙara komai ba, wallahi!"

"Ba a yi dariya ba?"

"An yi mana! Masinjoji har da faɗuwa. Manaja kaɗai ya ɗaure fuska."

"Tafiyar wa ka kwaikwaya? Ta na akwatin, ko ta manajanku?"

Akawu ya sosa ƙeya.

"Ai ni tasa na fi sani."

"Ka ce ba ka ƙara komai ba!" Dattijo ya leƙa hanyar jirgi. "Bai taho ba. Yi min in gani."

"Baba, gidana fa na rasa a Fagge!"

"Ka riga ka rasa. Ni kuwa ban gani ba."

Akawu ya waiga dama, ya waiga hagu.

"Riƙe min hulata."