Riga Kawai Yake Canzawa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Hadiza ce daga Taloka, ina gaida ƙawata Asabe a Shinaka.

Na ji kuna ta yabon dokar da anka ce za ta haɗa kan gwamnati da 'yan kasuwa don hana zamba a harkar lafiya. Malam, sai da na yi dariya.

Ran Talata na kai Innata asibitin gwamnati, hawan jininta ya tashi. Mai ba da magani ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Ya ƙare. Ku tsallaka titi bayan azahar, shagon can akwai shi."

Munka jira. Da munka shiga shagon, wa za mu gani? Shi ne dai, ya tuɓe farar riga! Kwalin da ya miƙo mani ga hatimin gwamnati, an kankare rabi. Na ce, "Wanga hatimi na mi ne?" Ya ce, "Hajiya, ki saya ko ki ba mutane wuri." Na saya, tunda ciwo ba ya jiran shari'a.

To, ku tambayo muna masu dokar: wa za su haɗa da wa? Wurinmu gwamnati da ɗan kasuwa mutum guda ne, riga kawai yake canzawa.