Direban da na gani a Zahir

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro. Daga Hindawiyya nake rubutowa, nan Makka.

Ƙanena da ke Amurka ya ce a garinsu duk wanda kotu ta kama da laifin lalata dole ya yi rajistar inda yake zaune, in ya tashi ya sanar, kowa kuma na iya dubawa. Mu nan rufin asiri muka iya.

Wani direba ya taɓa 'yar maƙwabcina, dattawa suka sasanta, ya bar unguwa. Kwanan nan na gan shi a unguwar Zahir yana ɗiban 'yan mata zuwa makaranta. Na yi ta juya abin a raina, kada ya zama giba. Daga ƙarshe na faɗa wa uwar ɗaya daga cikinsu.

Ta ce, "Haba Yaya! Da ka yi shiru, da ni da kai sai gaban Allah."

Ta cire 'yarta daga motar, ta gaya wa sauran iyaye. Maƙwabcina ma yanzu yana son kai ƙara, amma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Malam, ta wace hanya zai bi? A ba mu shawara.