Hayaƙin Bayan Tasha Ba Daga Cikin Dutse Yake Ba

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan taro, mai unguwarmu, limamanmu da fastocinmu, iyayenmu mata, 'yan kasuwar Sabon Gari, jama'ar Fagge da Kwaciri, da waɗanda suka zo da kayansu a ɗaure don gudun ko-ta-kwana, ina yi muku barka da zuwa. Sunana Bahauddeen, shekara talatin da ɗaya ina koyar da labarin ƙasa kafin in yi ritaya. Na gode da kuka tuna da ni, ko da yake sai da ƙasa ta fara hayaƙi.

Magana ta farko, yadda abin ya faro. Mako uku da suka wuce, Madam Uchechi, mai sayar da abinci a bayan tashar jirgin ƙasa, ta ga tsakar gidanta ta tsage, hayaƙi na fita, ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Wani ya ɗauka a waya. Kafin azahar, an ce dutse mai aman wuta ne ɓoye a ƙarƙashinmu. Kafin la'asar, an ce ranar Alhamis zai fashe. Jama'a, masana na duniya da na'urorinsu ba su iya faɗin ranar fashewar dutse, amma mu a Fagge har da ƙarfe nawa muka sani!

Magana ta biyu, masu tausayinmu. Washegari wani dillali, Alhaji Abdulgani, ya shigo layin da farar mota, ya sami Baba Chukwuma, tsohon makanikin da ya shekara arba'in da bakwai a gida ɗaya. Ya ce masa, "Baba, ka sayar mini a rabin kuɗi, ka tsira da ranka. Wallahi don Allah zan saya." Ku dubi irin wannan sadaukarwa! Mutum ya yarda wuta ta cinye shi a madadin maƙwabcinsa, har gida shida yake nema.

Baba Chukwuma ya zo wurina da takardun gidan a hannu. Ya ce, "Malam, a gidan nan na haifi 'ya'yana, a nan matata ta cika. Ka gaya mini gaskiya, in tashi?" Na ce, "Baba, ka ba ni kwana ɗaya da diga ɗaya."

Magana ta uku, abin da ilimi ya ce. Duwatsu masu aman wuta gaskiya ne, kuma garin da ke kusa da mai rai yana cikin haɗari. Akwai tsofaffinsu a wajen Biu da Filato, sun daɗe da yin shiru. Amma dutse ba ya farkawa a ɓoye kamar ɓarawo; ƙasa kan yi ta girgiza, rijiyoyi su canza, a ji a jika tun daga nesa. Kano kuwa zaune take a kan tsohon dutsen da ya huce tun ba a san za a yi mu ba.

To, muka haƙa tsakar gidan Madam Uchechi, ni da Baba Chukwuma da magina biyu. Ba mu kai tsayin mutum ba sai ga abin da dutsenmu ke amai: leda, tsumma, tsofaffin tayoyi, takalmi wari ɗaya. Kududdufi ne a da, muka cike shi da shara, aka yanka filaye a kai. Sharar ce ta ruɓe, ta kama ci da wuta daga ƙasa. Baba Chukwuma ya zaro wata robar cin abinci da ta fara narkewa, ya goge ta da rigarsa, ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, wannan ba kai ba ne?" Robar bikin aurena ce, da hotona a jiki, ina murmushi. Jama'a, ni ne dutsen. Ni da ku.

Baba Chukwuma ya mayar da takardunsa cikin akwati, farar mota kuma ba ta sake shigowa layin ba. Amma kada mu yi dariya mu watse. Katangar Madam Uchechi ta rabu biyu, 'yarta Mirabel ta kwana huɗu a asibiti saboda hayaƙin da ta shaƙa, kuma gida tara ne a kan wannan rami. Ranar Asabar da hantsi masu kashe gobara za su zo. Su za su ce mana inda za a haƙa da inda ba za a taka ba. Mu namu shebur da baro da ƙarfin jiki. Iyalan gida taran nan kuma suna bukatar wurin zama na mako guda. Ɗakin baƙina ya ɗauki Madam Uchechi da 'ya'yanta. Saura takwas, kuma ba zan zauna ba sai na ga hannu takwas a sama.

Alhamdu lillahi, ga hannu har sha ɗaya.

Allah Ya ba Mirabel lafiya, Ya tsare mana gidajenmu, Ya bar mu tare, masallaci da coci, layi ɗaya. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.